Koyar da Gwajin Fiziks na Shekarar Farko ta Hanyar Ganowa Bisa Jagorancin Malami: Misali Daga Ƙasar Haɗeja

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake gudanar da darasin gwaji na Fiziks a shekarar farko ta manyan makarantu, ta ɗauki ƙasar Haɗeja a matsayin fagen misali. Ra'ayinta shi ne, tsarin da aka saba da shi, inda ake miƙa wa ɗalibi takardar umarni ya bi ta layi-layi har ya kai ga amsar da ya riga ya sani, biyayya ga littafi yake koyarwa fiye da awo. Ta kawo hujja daga binciken da aka yi a Amurka da Kanada, sannan ta ba da shawarar tsarin ganowa bisa jagorancin malami, wanda zai ɗebo tambayoyinsa daga kogin Haɗeja da fadamarsa, ya kuma mayar da wayar da ke aljihun ɗalibi kayan awo.

1. Gabatarwa



Duk malamin da ya taɓa zama da tulin rahotannin gwaji na 'yan aji ɗaya ya san abin da zan faɗa. An yi gwajin fendulum, wato ɗan ƙarfen nan da ake ɗaura wa zare a bar shi yana lilo, sai ka ga kusan kowane rukuni ya samu 9.81 cif a matsayin ƙarfin jan ƙasa. Ɗigogin giraf sun jeru a kan layi babu wanda ya kauce, domin layin aka fara ja da rula, daga baya aka ɗora masa ɗigogi. Wani rahoton ma, in aka bi sawu, na yayan ɗalibin ne da ya yi kwas ɗin bara. Mukan kira wannan coge, mu rage maki. Amma a gaskiya yaron ya fahimci tsarin sarai. An gaya masa amsar tun a lacca. Takardar umarni ta faɗa masa tsawon zaren da zai yanka da yawan lilon da zai ƙirga. Ya kuma lura cewa makinsa ya rataya ne a kan kusancinsa da lambar littafi. Ina aka bar masa gurbin da zai yi tunani?

Maganar ta shafi wannan yanki kai tsaye. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke cikin garin Haɗeja, duk a ƙasar masarautar Haɗeja suke, ga kuma ɗimbin 'ya'yan yankin da ke karatu a Dutse da Gumel da Kazaure da Kano. Mafi yawan waɗanda ke ɗaukar Fiziks a shekarar farko ba masanan Fiziks za su zama ba. Malaman gona ne na gobe, da injiniyoyi, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da malaman sakandare. Ga da yawansu, wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da wani zai koya musu yadda ake auna abu a kuma san iyakar amincin awon.

Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ba ta hana mu gyara ba. Kwasa-kwasan PHY 107 da PHY 108 sun ɗora nauyi ne a kan awo, da sarrafa kuskuren awo, da nazarin giraf, kuma kowannensu na da awa 45 na aikin hannu. Yadda za a kashe waɗannan awoyi, a hannun sashe yake.

2. Abin da bincike ya nuna

A 1998 Richard Hake ya wallafa nazarin da ya yi a kan ɗalibai 6,542 a azuzuwa 62 na Fiziks na matakin farko. Ya auna fahimtarsu a farkon kwas da ƙarshensa. A azuzuwan da aka bi hanyar gargajiya, ɗalibai sun cike kimanin kashi 23 cikin ɗari na giɓin da suka shigo da shi. A waɗanda aka sa ɗalibai suna hasashe, suna gwadawa, suna muhawara da juna, an cike kashi 48. Wannan nazari ya ƙarfafa gwiwar masu gyaran koyarwa irin su Priscilla Laws da Ronald Thornton da David Sokoloff, waɗanda tun shekarun 1980 suka fara haɗa na'urorin awo da kwamfuta domin ɗalibi ya ga giraf na motsinsa yana fitowa a daidai lokacin da yake tafiya.

Wanda ya fi ɗaga hankali shi ne aikin Natasha Holmes da Carl Wieman da abokan aikinsu na 2017. Sun duba kwasa-kwasan gwaji tara a manyan makarantu uku na Amurka, inda aka tsara gwajin domin ya ƙarfafa abin da aka koyar a lacca. Da suka kwatanta waɗanda suka shiga ɗakin gwajin da waɗanda ba su shiga ba, ba su ga wani bambanci da za a iya aunawa ba a sakamakon jarrabawa. Ku lura, makarantun nan ba sa fama da ɗauke wuta ko ƙarancin kayan aiki. Ke nan ko da hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta cika mana ɗakunan gwaji da sababbin na'urori, muddin takardar umarnin nan ba ta sauya ba, a wuri ɗaya za mu tsaya.

To, sai a sakar wa ɗalibi mara ya gano komai da kansa? A'a. Jerome Bruner ya tallata koyo ta hanyar ganowa tun 1961, amma Richard Mayer a 2004, da Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark a 2006, sun tara hujjar cewa sabon ɗalibi da aka jefa cikin matsala babu jagora ruɗewa yake yi, ko ya fito da gurguwar fahimta. Ina tare da su a kan wannan. Abin da nake kira gare shi ya fi kama da zaman yaro a garejin bakanike: maigida ba ya karɓe sifanar ya yi aikin, ba kuma ya tafiya kasuwa ya bar yaron da inji a kwance. Yana tsaye, yana tambayarsa me ya ji, me ya gani, me zai duba bayan wannan. Malami ne ke zaɓen tambaya, ya tanadi kaya, ya koyar da dabarar lissafin kuskure a lokacin da ake buƙatarta. Ɗalibi ne ke yanke shawarar abin da zai auna, sau nawa, da abin da zai yi idan sakamako ya ƙi.

An gwada irin wannan a Jami'ar British Columbia ta Kanada, Holmes da Wieman da Doug Bonn suka ba da rahotonsa a 2015. An riƙa umartar ɗalibai su kwatanta awo biyu, su yanke shawara, su inganta hanyar awon, su sake. Sannu a hankali aka janye umarnin. Bayan an janye, yiwuwar su gyara hanyar gwajinsu don raɗin kansu ta ninka ta takwarorinsu sau 12, yiwuwar su gano inda ƙa'idar littafi ta gaza kuma ta ninka sau huɗu.

3. Fendulum ɗin dai, amma da wata tambaya

Ba sai mun jefar da tsofaffin kayanmu ba. Ga zare, ga ƙarfe, ga agogo. A maimakon a ce su nemo jan ƙasa, a tambaye su: idan aka ja ƙarfen gefe da digiri 10 aka saki, aka kuma ja shi da digiri 20, lokacin lilon ɗaya ne? Littafinsu ya ce kusurwa ba ta da tasiri. Za su auna lilo goma, su ga lambobin sun yi kusa, su ce ɗaya ne. A nan malami zai tambaya: yaya girman shakkar awonku yake, kuma me za ku yi ku rage shi?

Gaskiyar ita ce akwai bambanci na kusan kashi 0.6 cikin ɗari. A zare mai tsawon mita ɗaya, inda lilo ɗaya ke ɗaukar kusan sakan biyu, bambancin kimanin sakan 0.011 ne kacal, alhali jinkirin ɗan yatsa a kan agogo kan kai sakan 0.2. Sai rukunin da ya yanke shawarar ƙirga lilo masu yawa a jere, ya kuma maimaita, zai fara hango shi. A wannan gaɓar ce darasin yake. Yaro ya auna da kyau, abin da ya samu ya saɓa wa abin da ya haddace. Da yawa za su rubuta cewa kuskurensu ne. Aikin malami ya hana su wannan gudun, har su koma littafin su ga ashe ƙa'idar ta ce "ga ƙananan kusurwoyi".

Akwai wani abu kuma da nake so malaman wannan yanki su riƙe. Lambar 9.81 da ɗalibanmu ke wahalar ƙirƙirowa ta dace ne da ƙasashen da ke wajajen digiri 45 daga layin tsakiyar duniya, irin su kudancin Faransa da arewacin Italiya. Saboda juyawar duniya da kumburinta a tsakiya, jan ƙasa na tashi daga kimanin 9.78 a layin tsakiya zuwa 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu. Haɗeja na wajen digiri 12 da rabi a arewa, don haka nata 9.78 ne. Ɗalibin da ya gyara lambobinsa don su ba da 9.81 ya bar amsar garinsu ya ɗauko ta wani gari. Raba 9.78 da 9.81 da zare da agogo aiki ne mai wuya, yana buƙatar zare mai tsawo, da auna tsawonsa har zuwa milimita, da ƙaramar kusurwa, da haƙurin ƙirga lilo ɗari. Amma yana yiwuwa, kuma ya cancanci mako biyu.

4. Tambayoyin da fadama ke yi

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, yanayin gudunsa ya sauya: ruwan da a da yake janyewa da rani ya koma yana gudana kusan duk shekara. Wannan ne ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja zuwa Nguru, tana rage gudun ruwa, tana tara laka, ruwan ya nemi wata hanya ta gonaki da gidaje. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma ba sa buƙatar a tuna musu ambaliyar 2020 da ta 2022. Ɗalibin da ya taso a nan ya shigo aji da tambayoyin Fiziks cike da kansa, mu ne ba mu taɓa tambayarsa ba.

Mu ɗauki jinga. Duk shekarar da ruwa ya yi barazana, matasan gari kan kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga. A tambayi aji: idan zurfin ruwan da ke jikin jinga ya ninka biyu, turin da yake yi mata sau nawa zai ninka? Kowa ya rubuta hasashensa kafin a taɓa komai. Mafi yawa za su ce sau biyu. A ba su doguwar robar ruwa da aka huda a wurare daban-daban, su auna ƙarfin fitar ruwa a kowane zurfi, su gina dangantakar matsi da zurfi da kansu, sannan a jagorance su zuwa ga jimillar turin. Sau huɗu ne. Ruwa mai zurfin mita ɗaya na tura kowace mita ta tsawon jinga da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 500, mai zurfin mita biyu kuma kilo 2,000. Wanda ya gano wannan da hannunsa ya san dalilin da ya sa gindin jinga yake buƙatar faɗi.

Ita ma kacalar ana iya shigo da ita ɗakin gwaji. A tsaga bututun roba gida biyu a mayar da shi kwata, a ɗan karkata shi, a sako ruwa daidai gwargwado, a kafa tsinkaye a tsakiya. Ɗalibai su zaɓi yawan tsinkayen da tazararsu, su auna yadda ruwa ke taruwa a bayansu. Babu wata lamba a littafi da za su kwafa.

Gwajin da na fi so shi ne na injin ban-ruwa. Manomin rani ya san cewa idan ruwan rijiyar fadama ya yi ƙasa da bazara, inji na daina jawowa komai ƙarfinsa, sai an haƙa rami an saukar da shi kusa da ruwan. Me ya sa? A ba ɗalibai doguwar mesa mai garai-garai da bokitin ruwa da bene, su gwada. Inji ba ya jan ruwa da kansa, iskar da ke danne saman ruwan ce ke tura shi cikin mesa, kuma iyakar abin da take iya ɗagawa kimanin mita 10 ne a lissafi, a aikace kuma bakwai zuwa takwas. Daga nan a wuce ga tambayar kuɗi. Idan inji ya cika duro mai lita 200 a sakan 40, ya kuma ɗaga ruwan mita shida, aikin da ya shiga ɗaga ruwan bai kai wat 300 ba, alhali doki ɗaya na ƙarfin inji wat 746 ne, kuma injinan da ake gani a bakin fadama na da dawakai da dama. Ina sauran yake tafiya? Nawa ne ya zama zafi, nawa gogayya a cikin mesa ta cinye, me zai faru idan aka sauya faɗin mesar ko aka rage tsawonta? Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, amsar wannan tambaya ta shafi aljihun iyayen ɗalibanmu, kuma ita ce za ta gaya wa manomi yawan faifan sola da zai ishe shi idan ya bar fetur.

A ɓangaren zafi kuwa, muna da abin alfahari a gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa tukunya-cikin-tukunya: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, domin adana kayan miya. Kowane kilo na ruwan da ya bi iska yana tafiya da kimanin kilojul 2,400 na zafi. Ɗalibai su auna nauyin tukunyar safe da yamma, su auna zafin ciki da na waje, su kwatanta ranar busasshiyar iska da ranar damshi.

Gargaɗi ɗaya: idan za a fita auna gudun ruwa da abin da ke yawo a samansa, a tsaya a bakin magudanan aikin noman rani na Kwarin Haɗeja da izinin hukuma, kada a shiga ruwan. Tsargiya na nan, zurfin kogi kuma ba abin wasa ba ne.

5. Wayar da ke aljihu

A kan fasaha ba zan tsawaita ba, domin an fi yi mata surutu fiye da kima. Wayar Android, ko Tecno ce ko Infinix ko Itel, tana da na'urar jin motsi da makirufo da kyamara, wasu har da na'urar auna haske da ta juyi. Manhajar phyphox, wadda Jami'ar Aachen ta Jamus ta fitar a 2016, tana karanta waɗannan na'urori ta zana giraf nan take. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 30 a sakan ta fi ɗan yatsa a kan agogo daidaito nesa ba kusa ba, kuma da manhajar Tracker a kwamfuta ɗaya, rukuni zai bi sawun jifa ko faɗuwar abu hoto bayan hoto. Kwaikwayon gwaje-gwaje na PhET, wanda Wieman ya assasa a Jami'ar Kolorado a 2002, shi ma ana sauke shi a yi aiki da shi ba tare da layi ba, kuma ƙofar fassara shi a buɗe take ga duk mai so. Ga aiki nan ga sassan Hausa da na Fiziks su haɗa hannu.

Amfanin waɗannan shi ne rage lokacin da ke tsakanin hasashe da ganin sakamako, ta yadda za a iya maimaita gwaji sau da yawa a zama ɗaya. Haɗarinsu kuma shi ne ɗalibi ya mayar da imanin da ya yi wa littafi kan allon waya. Maganin wannan shi ne a fara zangon karatu da ajiye wayoyin rukuni duka a kan tebur ɗaya, kowace ta auna jan ƙasa. Za su saɓa wa juna. Wacce za a gaskata, kuma bisa wace hujja? Kwaikwayon kwamfuta kuwa, kada ya maye gurbin kayan hannu, domin a cikinsa zare ba ya miƙewa, iska ba ta kaɗawa, kuma waɗannan matsalolin su ne abin da muke son ɗalibi ya koyi fama da su.

6. Inda tsadar take

Kayan duk gwaje-gwajen da na ambata ana samunsu a kasuwar Haɗeja. Abin da zai yi mana tsada lokaci ne da mutane. Ba za a yi gwaji goma sha biyu a mako goma sha biyar ta wannan hanya ba. Biyar ko shida ne, kowanne mako biyu, domin makon farko na kuskure ne, na biyu na gyara. Za a ce an rage manhaja. Amsata ita ce binciken 2017 da na ambata ya riga ya nuna abin da muke samu daga yawan.

Cunkoso shi ne babbar hujjar masu adawa, kuma hujja ce ta gaskiya. Malami ɗaya da ma'aikacin ɗakin gwaji ɗaya ba za su iya zagaya rukuni arba'in suna tambaya ba. Abin da wasu jami'o'in Amurka suka yi, Kolorado a gaba, shi ne horar da ɗaliban manyan azuzuwa su zama mataimaka, a koya musu abu mafi wuya ga duk mai koyarwa, wato riƙe amsa a baki a jefa tambaya. Su kuma ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda galibi su ne ke tsaye da yara awa uku cur, dole a sa su cikin tsara darasin tun daga farko, ba a aiko musu da takarda daga ofis ba.

A cikin rukuni a riƙa juya aiki kowane mako. In ba haka ba, samari ne za su riƙe kayan, 'yan mata a bar su da biro da takarda har zango ya ƙare. A kuma bar muhawarar rukuni ta gudana da Hausa idan da ita tunanin ya fi fita, rahoto ya zo da Ingilishi yadda jarrabawa ke buƙata.

Sai maki, wanda in ba a taɓa shi ba duk sauran aikin banza ne. A cire maki daga kusanci da amsar littafi gaba ɗaya. A ɗora shi a kan hasashen da aka rubuta kafin gwaji, da dalilin zaɓen hanyar awo, da ƙiyasin shakka, da abin da aka sauya a zagaye na biyu. Rukunin da ya samu 9.5 ya bi sawun dalilin ya fi wanda ya kawo 9.8 babu bayani, kuma a faɗa musu haka a ranar farko.

Roƙona ga shugabannin sassan Fiziks shi ne kowane sashe ya ware gwaji biyu kacal daga PHY 107, ko makamancinsa a kwalejoji, ya juya su zuwa wannan tsari a zango mai zuwa, ya auna ɗalibansa kafin da bayan, ya kawo mana abin da ya samu ko da bai yi daɗin ji ba. Ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuma, muna roƙon ta buɗe wa malamai bayanan tsayin ruwa da gudunsa da take tattarawa, domin ɗalibai su sami abin da za su kwatanta awonsu da shi.